Kunkurun Hedimasta a Cikin Kwali

Ranar Alhamis na karɓo saƙon a tashar Gumel, ranar da hankalin kowane direba yake kan kasuwar Maigatari. Wanda ya zo da shi daga Kano ya zaro shi daga ƙarƙashin kujera, kusurwa ɗaya ta lotse saboda wani fasinja ya taka, ya girgiza shi kusa da kunnensa ya ce, "Malam, abin nan fa da alama tun can ya farfashe, wallahi ba ni ba ne." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai a farfashe ake sayar da shi. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya karɓi kuɗin motarsa bai ƙara cewa uffan ba.

Abin da ke ciki mota ce ta roba wadda mutum zai harhaɗa da hannunsa, Volkswagen Beetle 1300 ƙirar 1966, ta kamfanin Tamiya na Japan, a ma'aunin 1/24. Ni lissafi nake koyarwa a firamare, saboda haka wannan lambar na fara kamawa. Motar gaske tsawonta mita 4 ne da ɗan kai, in ka raba gida 24 za ka samu kusan santimita 17. Tun kafin in cire hula na ɗora rula a kan gangar jikin, haka kuwa na tarar.

Ɗan yayana da ke aiki a birni shi ya yi mini odarta ta intanet, ta yi mako bakwai kafin ta iso hannunsa. Abin da na tura masa, haɗe da kuɗin kawowa, ya isa in jawo ɗan bunsuru daga kasuwa. Da maiɗakina ta ji, sai ta leƙa kwalin ta ce, "Malam, bunsurun dai ko ba komai da Sallah a ci nama." Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita.

Dalilin da ya sa na zaɓi Bitil ba wata ba, shi ne hedimastanmu na firamare. Ita ce mota ta farko da ta taɓa kwana a ƙauyenmu. A 1975 aka fara harhaɗa Volkswagen a Legas, shekarar da Fijo ma ta fara fitowa daga Kaduna, kuma zamani ne da ma'aikaci ke samun rancen mota. Tasa launin kunun gyaɗa ce. Mu yara kunkuru muke ce mata, ko da yake sunan da Turawa suka sa mata ma'anarsa ƙwaro ne irin su buzuzu, kuma in ka kalle ta daga baya ba su yi ƙarya ba. Muna jiyo ƙararta tun daga bakin kuka, wani tatata mai kama da injin niƙa da aka toshe wa hanci, mu zubar da alluna mu ruga. Ta fi sauran motoci iya rairayi saboda nauyin injin yana zaune a kan tayoyin baya, amma rairayin yankinmu ba ya jin wannan bayanin, mun tura ta ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Ta hedimasta ta fi ta kwalin ƙuruciya, fitilunta a tsaye suke, na wannan kuwa a kishingiɗe. In ban da haka, ita ce.

Da ka buɗe kwalin za ka ga gangar jiki guda, sannan wasu rassan roba kamar tsani, kowane ɗan sashe yana maƙale a jiki da lambarsa a gefe. Akwai reshe mai sheƙi kamar azurfa, nan bamba da murafun taya suke. Akwai na gilasai. Tayoyin roba ne mai laushi, da zanen ƙasansu. Sai 'yar takardar lambobi da ake jiƙawa a ruwa, da takardar bayani cikin Japananci, Ingilishi, Jamusanci da Faransanci. Wanda ba ya jin ko ɗaya daga ciki kada ya ji tsoro, zane ne ke maganar, kibiya tana nuna maka wannan ya shiga nan.

Babu gam a ciki, babu fenti, babu buroshi. Haka irin waɗannan kwalaye suke zuwa, kuma an rubuta a jiki, ni ne ɗoki bai bar ni na karanta ba. Wanda yake garin da ake da shagon wannan harka sai ya taka ya sayo. Ni da ke zaune inda ko fentin ƙofa sai an je Gumel, nan ne aikin ya fara. Wani abin kuma, gam da fentin irin wannan suna kama wuta, shi ya sa masu sayarwa da yawa ba sa yarda su sa su a jirgi. Duk mai niyyar saye daga irin wurarenmu, wannan ne abin da zai fara lissafawa kafin kuɗin kwalin.

Kayan aikina duk daga cikin gida na tattaro su. Abin yanke farce don raba sashe da reshe, reza don kankare ɗan ƙullutun da ya rage, tsinken sakace don ɗiga gam, da matsefatar mahaifina da yake cire ƙaya da ita, wadda ta fi shekara talatin a cikin gafaka. Sanfefa mai laushi, lamba 600 da 1000, wani mai gyaran jikin mota ne ya yago mini kyauta. Kada ka kuskura ka murɗe sashe da hannu don ka cire shi, zai tafi da tsoka ya bar rami. Ka yanka nesa kaɗan, sannan ka bi da reza.

Inda kwalin ya biya ni kuɗina shi ne wajen dacewar sassa. Ban taɓa ganin abu na roba da aka auna haka ba. Rabin injin na dama da na hagu, in ka haɗa su ko gam ba ka sa ba, sai ka ji ɗan ƙas, su zauna, layin da ke tsakani da ƙyar ido ke kama shi. Wanda ya saba da bokiti da kujerar roba na kasuwa, masu gemu a kowane gefe, zai san abin da nake nufi. Kamfanin nan a garin Shizuoka yake, Yoshio Tamiya ya kafa shi a 1946 a matsayin wurin yankan katako, da katakon suka fara yin ƙananan jirage kafin su koma roba. Tambarinsu taurari biyu ne, ɗaya a cikin ja ɗaya a cikin shuɗi. Ko a sashen da zai ɓuya a ƙarƙashin kujera ba wanda zai sake gani, ban ga inda aka yi aikin a-wuce-wurin ba.

Injin na fara yi, ya ci mini dare shida, bayan Isha'i, da fitilar sola a kan teburin da nake duba littattafan yara. Da na gama bai fi kwalin ashana ba. A cikin kwalin ashanar ma na sa shi na kai wa wani tsohon makanike a Gumel, wanda ya yi zamanin Bitil da hannunsa, yanzu ido ya yi rauni yaransa ke aikin. Na ce, "Baba, ga wani baƙo na kawo maka, ko za ka gane shi." Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya matsa bakin rumfa inda haske yake. Ya daɗe bai yi magana ba. Can sai ya fara nunawa da farcen ƙaramin yatsa: ga kafireto, ga janareto, ga gidan fanka, ga salansa da bakinta biyu. Ya tsaya a kan fambel ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne ranta. Motar nan ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ce ke sanyaya ta. In bel ɗin nan ya tsinke fanka ta tsaya, kafin ka kai Maigatari injin ya dahu." Yaransa suka bar aiki suka kewaye mu, don a cikinsu babu wanda ya taɓa kwance injin da silindansa huɗu suke kwance, biyu na kallon biyu.

Sai ya juya shi ya ce, "To ina wayoyin fulogi? Haka za ta tashi?" A wannan ma'auni ba a cika sa su ba, don sun fi gashi kauri da kaɗan ne kawai. Amma tunda Baba ya faɗa, na dawo gida na fere wata matacciyar wayar sauraron rediyo, na zaro silin ciki huɗu, na shafa musu baƙi. Shi ya karanta mini yadda wutar ke zagayawa, 1, 4, 3, 2, ba tare da ya yi tunani ba, kamar mai karanta Fatiha. Ya kuma gaya mini batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma a ƙirar 1966 sai an ɗaga murfin gaba ake zuba mata mai, inda tayar safaya take tsaye. Sitiyarin na kwalin a hagu yake. Baba ya ce lokacin da yake yaron gareji na dama ne suka fi yawa, don sai a watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama.

Yanzu ga ɓarnar da na yi, kuma duk laifina ne.

Da farko sufa gulu na kasuwa na yi amfani da shi. Yana kamawa, ba a nan matsalar take ba. Da na zo gilashin gaba na ɗiga masa kaɗan a kusurwa huɗu na kwanta. Da safe na tarar da shi fari fat ta ciki, kamar idon da yana ta rufe. Tururin wannan gam ɗin haka yake yi wa roba mai gani-har-hanji. Na yi kwana uku ina bin sa da sanfefa mai laushi a jiƙe, sannan man goge baki a tsumman atamfa, har ya dawo ana ganin sitiyari ta ciki, amma in rana ta haska shi ta gefe tabon yana nan. Na tsaya a haka, kada garin neman gira a rasa ido. Sauran gilasan da farin gam na kafintoci na manna su, wanda in ya bushe yake komawa garau, kuma ba ya cin roba.

Ana cikin haka ɗan yayana ya samo mini gam ɗin ainihi a wani shago a Legas, Tamiya Extra Thin Cement, 'yar kwalba mai kusurwa huɗu da koren murfi, mililita 40, da ɗan buroshi maƙale a murfin. Ba ya yauƙi, kamar ruwa yake. Ba shafawa ake yi a haɗa ba. Haɗa sassan ake yi tukuna, sannan a taɓa bakin layin da buroshin, sai ka ga ruwan ya bi tsagar da kansa kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, biyun su zama ɗaya. Da shi na fara, da ban ɓata rabin lokacin da na ɓata ba. Sai dai a zafinmu in ka bar murfin a buɗe kana hira, kuɗinka ne ke tashi sama. Kuma ba ya kama sashe mai sheƙin azurfa sai ka kankare wurin da reza har robar ciki ta fito.

Fenti kuwa shi ya kusa sa ni rufe kwalin in jefa shi saman rumbu. Takardar bayani da lambobi take kiran launi, X-11 ruwan azurfa, X-18 baƙi mai ɗan sheƙi, XF-1 baƙi marar sheƙi, duk na kamfanin. Ba ni da ko ɗaya. Ƙananan sassa na yi su da fentin wani mai rubuta allon shaguna, ya ɗiɗɗiga mini a murafun kwalba. Na jiki kuwa na fesawa na sayo a wani shago a Kano, mai shagon ya rantse mini yana bin roba. Allah ya taimake ni a murfin injin na fara gwadawa. Cikin minti biyu fuskar ta tattare ta yi ƙuraje kamar fatar guza. Fentin mota yana da sinadari mai zafi, in babu fentin shimfiɗa a ƙarƙashi cin robar yake yi. Na kankare, na goge, na koma wajen mai gyaran jikin motar nan ya ba ni ragowar gwangwanin faraima, wato fentin shimfiɗar. Daga ranar, duk fentin da zan sa sai na fara fesa shi a bayan cokalin roba na bar shi ya kwana.

Sannan ga hunturu. Na fara aikin ne bayan an kai riɗi gida, wato daidai lokacin da hazo ke sauka. Fesawar farko a tsakar gida na yi da hantsi. Ta yi kyau na kamar minti ɗaya. Kafin ta sha iska ƙura ta zauna mata, rufin ya koma kamar an barbaɗa gero. Kwana biyu na bari ta bushe na sake bi da sanfefa. Dabarar da ta fisshe ni daga baya ita ce in yayyafa ruwa a daɓen zaure tun dare, in fesa bayan sallar Asuba kafin iska ta motsa kuma kafin a fara shara, gwangwanin na ɗan ɗumama shi a ruwa mai ɗumi saboda sanyi, hannu na tafiya ba tsayawa, nesa da jiki kamar taƙi guda. Da na gama sai in kife mata babbar fantekar maiɗakina in ɗora dutse. Shafi uku marasa kauri, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Fantekar dai har yau ana yi mini gorin warin da ta ɗauka. Launin da ya fito bai kai kunun gyaɗar hedimasta ba, ya ɗan fi shi haske, amma wani abokin karatuna da ya gani bai tambayi ko motar wa ce ba.

Lambobin ruwa ba su ba ni wahala ba. Daƙiƙa goma a ruwa mai ɗumi, ka zame su da tsinke zuwa wurinsu, ka danne da auduga. A bushewar hunturu dai sai ka yi sauri.

Abu ɗaya na rasa gaba ɗaya. Marikin ƙofar direba, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, yana sheƙi. Na kama shi da matsefata a bakin ƙofa don in ga haske, na ɗan matsa fiye da kima, ya yi tsalle ya faɗa tsakar gida. Ina ganin inda ya sauka. Kazar gidan ma ta gani, kuma ta riga ni. Na lanƙwasa fil ɗin sitafula na sa a madadinsa. Tun daga nan a cikin faranti nake aiki, da farin ƙyalle a shimfiɗe, ƙofa a rufe.

A majalisa an sha yi mini tsiya, wai Malam ya koma yarinta da furfura. Ban musa ba. Mu ma mun yi motar kara, mu fere sille, mu yanka totuwa, ƙayar aduwa ce ƙusa, sakaina ko tsohon silifa ne taya. Akwai ɗan maƙwabcina, bai wuce shekara goma ba, kullum yana raɓe a bakin zaure yana kallo, ban taɓa jin ya ce komai ba. Ana saura kwana kaɗan in gama sai ga shi da tasa Bitil ɗin ta kara, ya samo waya ya lanƙwasa rufin ya yi doro, har da murfi a baya da ake ɗagawa, ya cusa murfin kwalba a matsayin inji. Ba takarda, ba lamba, ba kibiya. Ya ajiye ta kusa da tawa, ya duba, ya ce, "Baba Malam, taka ta fi kyau, amma ba ta ɗaukar kaya." Ya zuba tsakuwa a tasa ya ja zarensa ya fita.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya shiga hukuncina a kan kwalin. Duk tunanin ƙira an gama shi a Shizuoka, kai naka bi ne da natsuwa da tsabtar hannu. Wanda zai saya wa yaro don ya yi wasa, ya riƙe kuɗinsa, waifa da madubi ba za su ga Magariba ba, ga reza ga gam mai hawa kai. Wanda kuma yake son abin ajiya a kan tebur ba ya son wahala, akwai na ƙarfe da ake sayarwa a haɗe. Wannan na mutumin da yake son ya san yadda aka jera mota ne tun daga ƙashinta, kuma yana da daren rani da ba ya son ya ƙarar a kan waya. Ga irin wannan mutumin, ban ga abin kushewa a robar ba. Ga wanda bai taɓa yi ba ma tana da sauƙin bi, in dai ya tanadi gam na ainihi, faraima da farin gam kafin ya yanke sashe na farko, ya kuma ajiye kwalin nesa da rana da ƙarƙashin kwano, don zafin bazara yana iya karkatar da roba. In da zan sake, da kaka zan fara, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauka.

Wata biyu da rabi ta ɗauke ni. Na kai ta aji shida sau ɗaya, muka auna taya da ƙofa muka ninka da 24, ranar ko masu barci a baya sun matso. Yanzu tana cikin kabet ɗin maiɗakina, tsakanin tangaran, don nan ne kaɗai gilashi yake a gidan da zai tare ƙura. Ita ta matsar da kofunanta da kanta, ta juya motar yadda gefen fil ɗin sitafula zai kalli bango.

Na riga na aika wa ɗan yayana saƙo ya nemo mini Fijo 405 ta kamfanin Tamiya, irin wadda direba Ari Vatanen ya ci tseren Faris zuwa Dakar da ita a 1990, lokacin da tseren ke ratsawa ta Agadas. Ya rubuto, "Baffa, da gam ko babu?" Na ce kwalba biyu, kuma ya naɗe kwalin a tsohon bargo kafin ya ba direba.